Gululun Iya Dije da Motar Habu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, kuma ba ta gizo ba ce, tawa ce.

Ranar wata Asabar, sati biyu bayan Babbar Sallar bara, na fito shan hantsi a gidan ɗiyata da ke McLeansville, a nan ƙasar Turawa, sai na tarar da jikana Habu zaune a ƙasa bakin gareji, ya yi tagumi. Gabansa tsohuwar motarsa ce baƙa mai ƙaton inji, wadda in ta yi gurnani tagogin gida ke amsawa. Ya ciro mata wani faifan ƙarfe daga ciki, ya ɗora a kan sikelin da nake auna kaina da shi.

Na ce, "Maigida, wa ya mutu?"

Ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba."

Amma ya faɗa mini. Faifan nan tsakanin inji da giya yake zama, aikinsa juyawa. Akwai na alminiyam marar nauyi, da shi inji ke zabura kamar an tsikare shi, sai dai zai cinye duk abin da ya tara a aikin sito na titin Wendover. Akwai kuma na ƙarfe da aka rage wa nauyi, matsakaici, mai rangwame. Sau uku abokinsa Sani yana wuce shi a filin tseren motoci, saura wata guda su sake karawa, kuma saye ɗaya zai iya yi. Na dafa faifan, na ji nauyinsa, na ce, "Ashe gululu ne."

A shekarar da na gama famfara, a ƙauyenmu arewa da Maraɗi, yayyena maza suna tafiya lakwal, makarantar boko ke nan, ni kuwa rijiya da turmi da awaki su ne karatuna. In kaka ta yi muka ciro auduga, mu 'yan mata ke gurje ta a kan dutse mu fid da gurya, a shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa. Bayan azahar mata su baje tabarmi a inuwar bishiyar bedi, kowa da mazarinta da allin shafa a yatsa. Mazari tsinke ne siriri, gululu kuwa dunƙulen yumɓu gasasshe da ake soka masa a gindi, shi ke riƙe juyi. Mu yara har gasa muke yi, mu murza tare, wadda nata ya fara faɗuwa ita za ta koro awaki.

Masaƙin garinmu, Malam Ɗan Tani, zare iri biyu yake karɓa. Siriri mai ƙarfi shi ne na tsaye, kakkaura mai laushi abawa. Yakan naɗa zare a manyan yatsunsa ya fizga. In na yara ne, ko kallonsa ba ya yi, sai ya ce, "Abawa." A gidanmu kakata Iya Dije kaɗai ke kaɗa na tsaye, kuma a wannan shekara idonta ya yi yana. Innata tana da tsohon ciki, ƙafafunta da hannayenta sun kumbura, ga shi ana son zanen goyo kafin suna. In ba a samu zare a gida ba, sai a je roƙo maƙwabta, abin da gidanmu bai taɓa yi ba.

Na ɗauki mazarin Iya na gwada. Duk sanda na ja zaren ya sirance, sai gululun ya rinjaye shi ya tsinke. Na ce a raina nauyi ne maƙiyina. Na zaga bayan rumbu, na goga gululun a dutse, na goga, har ya koma kamar ƙwallon magarya. Da na murza shi, wayyo daɗi! Taɓawa kaɗan sai ya tashi yana fito. Amma kafin in miƙe hannuna ya mutu, zaren ya warware, audugar ta rabu da kanta. Na sake, ya sake mutuwa.

Iya ba ta gani, amma kunnenta bai tsufa ba. Daga inda take ta ce, "Wa ya yi wa gululuna aski?" Gululun na uwarta ne, a hannunta ta gada. Na miƙa mata ina jiran duka. Ta shafa shi ta daɗe, sannan ta ce, "Nauyin nan da kika zubar, shi ne numfashinsa. Marar nauyi saurin tashi gare shi, da saurin mutuwa. Abin da aka kankare kuwa ba ya komawa." Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta tura ni bakin tafki na ɗebo yumɓu. Ta sa na dunƙula gululu biyar, kowane ya ɗara ɗan'uwansa kaɗan, muka shanya, muka gasa a garwashin murhu. Ta riƙa ɗora mini su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Kada ki tambayi ido, tambayi zaren." Kwana da kwanaki ina gwadawa, yatsana har ya yi kanta. Ƙaramin ya mutu da wuri, babban ya tsinka. Na ukun ne ya tashi ba gardama, ya kuma jira ni har na miƙe hannu.

Ranar kasuwa na kai wa Malam Ɗan Tani zaren da na kaɗa. Ya naɗa ya fizga. Ya sake naɗawa ya fizga da ƙarfi, har zaren ya shata masa yatsa. Ya ɗago kai ya ce, "Idon Dije ya warke?" Na ce, "Nawa ne, Baba." Ya dube ni, ya ce, "Tsaye." Da gudu na koma gida, takalmina ɗaya a hanya. Iya ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Wannan na ba Habu labari a bakin gareji, sannan na tambaye shi, "Motar nan a filin tsere kaɗai take rayuwa, ko ita ce ke kai ni ganin likita ta titin Wendover, inda ake tsayawa a kowace danja?" Ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya da na alminiyam mota mai giyar hannu takan yi wuyar tashi daga tsaye. Na ce, "To tambayi zaren." Matsakaicin ya saya.

Ranar karawa da rana tsaka na je, na toshe kunnuwana da auduga. Sani dama marar nauyin ne a tasa. Fitila ta yi kore, motar Sani ta yi tari a wurin tashi, ta Habu kuwa ta fice sumul, ba ta waiwaya ba. Na miƙe tsakiyar Turawa na rangaɗa guɗar Iya Dije, kowa ya juyo, ban fasa ba.

Iya ta rasu damina biyu bayan wancan suna. Malam Ɗan Tani ya saƙa har ƙarfinsa ya ƙare, ba wanda ya gaji masaƙarsa. Jaririn da aka goya da zanen, ƙanena Isufu, yau furfura ta cika masa gemu a Maraɗi. Sani ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce a ba shi labarin gululu. Habu ya daina cewa ba zan gane ba, yanzu Injiniya yake kirana. A ƙasar nan ma na ga gonakin auduga ta tagar mota, fari fat, inji ke cire ta, ba mai shiɓa, ba inuwar bedi. Gululun na uku yana cikin akwatina har yau, wani lokaci nakan ɗora shi a tafin hannu. Nauyinsa bai canza ba, hannun ne ya tsufa.

Nan ta tsaya, mazari ya cika.