Hirar Tsaye

Lokacin da kuɗin mai ya tumbatsa, gwamnati ta turo maigidana London, wani ofishi kusa da Charing Cross inda ake sayen kaya a aika gida. Muka kama hayar flat a saman bene a unguwar Camberwell. Da wa'adinsa ya kusa cika, ko a ƙara masa ko a mayar da mu, magana tana hannun wani babba da zai zo daga Legas.

Malam, maigidan nawa, mutum ne mai kawaici. A wurinsa, in kana da buƙata gun babba, sammako za ka yi gidansa, ka tuɓe takalmi, ka gaishe shi, ka tashi ba ka ce komai ba. Sai ƙafarka ta saba da zauren kafin ka buɗe baki. To, a London wa zai buɗe maka ƙofa ba ka yi booking ba? Can a tsaye ake komai, wurin liyafa, kofi a hannu.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa wata tsohuwar Bayahudiya ce, tela. Da guntun Turancina na kasuwa da nunin hannu muke hira. Na kai mata ƙarar Malam, ta ajiye almakashi ta ce, "Mijinki bai iya shumuz ba."

Na ce, "Mene ne kuma shumuz, Iya?"

Ta ce kalmar yarensu ce, Yidish, ta samo asali daga tsohon harshen da suke addu'a da shi, ma'anarta abin da kunne ya jiyo. A garinsu can gabashin Turai, shumuz hirar bakin ƙofa ce kawai, ba a neman komai. Da ta shiga Turanci sai ta yi ƙugiya: ka yi wa mutum fara'a, ka tambayi 'ya'yansa, kana dariya kana jawo abin da kake so. Na ce ina mutanen garin nasu yanzu? Ta ɗauki almakashinta ta ci gaba da yanka.

Ni kuwa ai wannan gonata ce! Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu in na soma labari, mai daka ma sai ta jingine taɓarya. Sai dai ni ke da baki, shi ke da Turanci, babban kuma ba ya jin Hausa.

Ranar liyafar da aka shirya wa babban, na tsare Malam. "Malam, ka yabi rigarsa, ka tambayi iyali, sai ka sako maganar."

Ya ce, "A tsaye? Mutum yana tauna? Haba, ke kuwa!"

Ya je ya dawo fuska a sake. Wai ya gaida babban gaisuwa mai kyau, ya ja gefe, sai wani jiƙon. Washegari babban ya hau jirgi. Kujerar Malam kuwa aka ba wani ɗan bana-bakwai da ya yi ta ba babban dariya a bakin tebur.

Muka ɗaure kaya cikin sanyi. A gida aka ajiye Malam a wani ofishi da ba a aikin komai, yana zuwa yana dawowa har ya yi ritaya. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ni ma ban ƙara tayar da zancen ba. To, in ce masa me?