Ranar da na kai ƙarar kaina gaban Mudir

Abubuwa da yawa sun sulale mini tun da na bar aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni gidan Alhaji Sidi a bakin kogin Nilu ba. A farkon shekarun tamanin ne, lokacin zafi. Ina aiki a wani kamfanin inshora a Wustul Balad, tsakiyar babban birnin Masar, a matsayin farrash, wato mai shara da kai shayi da ɗaukar takardu daga tebur zuwa tebur. Karatuna bai wuce firamare ba, Larabcin kuwa a titi na tsince shi. Takardar izinin zamana ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta ta sai kamfani ya ba da shaidar cewa ni ma'aikacinsa ne na dindindin. Har lokacin ba a ba ni ba. Kullum a hanyata daga unguwarmu ta Ainu Shams ina lissafin abin da zan gaya wa matata in aka ce mu tattara.

Da safe Mudir, shugaban ofishinmu, ya kira ni. Ya ce akwai wani attajiri daga Nijar, wato Alhaji Sidi, da ya sayi gida wajen unguwar Ma'adi, banki ya ce sai ya yi wa gidan inshorar gobara da ta ambaliya, amma mutumin Larabcinsa na salla ne kawai. Zan raka Ustaz Fu'ad in yi tafinta.

"Ka faɗi abin da aka faɗa, ya Idris. Kada ka ƙara, kada ka rage. In aiki ya yi kyau, za mu duba maganar takardarka."

Na ce, "Hadir, ya Afandim," wato to, ranka ya daɗe.

Bari in bayyana muku aikin Ustaz Fu'ad, don ku na yanzu ba ku tarar da shi haka ba. Shi ne mai duba gida kafin a yanka farashi. Gidajen bakin ruwa aji uku muke kasa su: wanda ruwa ba zai kai gare shi ba, kuɗinsa kaɗan ne, wanda ake shakka, tsaka-tsaki, wanda ruwa ke lasar bangonsa, wannan mai shi yakan riƙe kai in ya ji farashi. Ustaz yakan auna tsayin gida daga ruwa, ya duba bango ko da alamar laima, ya sauka ɗakin ƙasa, sannan ya tambayi mai gida ko ruwa ya taɓa shigowa. Duk masu gidan da na taɓa jin labari, rantsuwa suke yi cewa ko raɓa ba ta taɓa sauka musu ba.

Alhaji Sidi ɗan kasuwar fatu ne, dogo, mutumin arewa da Damagaram, inda ake tafiyar wuni kafin a ga rijiya. Ya tare mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi mai kumfa, ya tambaye ni garinmu da sunan mahaifina, har muka gano kakata daga wajensu take. Nan take ya fara ce mini "ɗana". Sai Ustaz ya buɗe jakarsa ya ce in tambaye shi ko ruwa yana matsowa kusa da gidan.

Alhaji ya gyara zama. "Matsowa? Gaya masa da asuba ta taga nake miƙa hannu in yi alwala."

Na fassara. Ustaz ya ɗaga gira ya rubuta.

"Ka ce masa bara ma har falo ya shigo. Kifi ya kwana ƙarƙashin kujerar nan da yake zaune."

Na fassara. Ustaz ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya sake rubutawa. Ni kuwa ina ganin alƙalamin nan yana tafiya, na san kowane layi ƙarin kuɗi ne a wuyan mutumin da ya kira ni ɗansa yanzun nan. In na rage maganarsa, na ci amanar kamfani. In na bar shi, na zuba ido ana yi wa na gida aski. Da Alhaji ya fara bayanin yadda igiyar ruwa ke buga masa ƙofar kicin, sai na kasa daurewa, na sunkuya na ce a hankali, "Baba Alhaji, don Allah ka sassauta yabon ruwan nan. Duk abin da ka faɗa, farashi hawa yake yi."

Ustaz ya ɗago. "Me ka ce masa?"

To, an ce mini kada in rage komai. Na ce, "Na gaya masa ya daina yabon ruwa, don kana ƙara masa kuɗi."

Ustaz ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce, "Yalla, mu je mu ga kifin."

Muka zagaya gidan, ina riƙe masa bakin igiyar awo. Gidan yana kan tudu. Daga lambu sai an bi wata doguwar matakala kafin a taɓa ruwa, ni kaina sai da na huta a tsakiya. Bango a bushe ƙayau, ɗakin ƙasa har ƙura yake yi. Ustaz ya tambayi mai gadi, wani tsoho daga kudancin Masar. Tsohon ya ce tun da aka gina babbar madatsar ruwa a kudu kogin bai sake hawowa nan ba. Maganar kifi kuwa gaskiya ce, ya kwana a falo, amma a cikin kwando ya zo, shi mai gadin da kansa ya sayo.

Ustaz ya sa gidan a aji mafi araha. Na yi hamdala. Ban ci amanar kowa ba, kuma ɗan'uwana ya tsira. Na koma falo da saurina.

"Albishirinka, Baba Alhaji! An sa ka cikin gidajen da ruwa ba ya kai musu. Kuɗinka ne mafi ƙanƙanta."

Alhaji ya ajiye kofin shayi. "Ruwa ba ya kai musu?"

"Ko kusa, Baba."

"Alhaji Bawa da ke zaune a tsibirin tsakiyar kogi, kullum in mun haɗu bayan Juma'a sai ya yi ta kuka da tsadar inshorarsa, yana kallon mutane ɗaya ɗaya. Ni kuma in je in ce me? In ce na bar garinmu, na ƙetare Sahara, na sayi gida a kan tudu?" Ya nuna ni da yatsa. "Kai ne. Kai ka rage mini ruwa a cikin Larabcin nan."

Na rantse ban rage ko cokali ba. Bai saurara ba, kuma bai sa hannu a takardar inshorar ba.

Washegari da hantsi ina goge tebur sai ga shi da babbar riga, ya ce a kai shi wurin Mudir. Ba mai jin Hausa a ginin nan sai ni. Aka kira ni, na tsaya a tsakaninsu da tsumma a hannu.

Alhaji ya ce, "Gaya masa tafintansa maƙaryaci ne."

Na juya wajen Mudir. "Ya Afandim, ya ce ni maƙaryaci ne."

"Ka ce ya wulaƙanta gidana, kuma bai cancanci aikin nan ba. A sallame shi."

"Ya ce na wulaƙanta gidansa, ban cancanci aiki ba, a sallame ni."

Mudir ya dube ni, ya dubi Alhaji. Ya ce, "Me ka yi masa? Kun tsawwala farashi?"

Na ce a'a, ƙorafinsa shi ne farashin ya yi araha.

Mudir ya sa na maimaita. Sannan ya aika a kira Ustaz Fu'ad, ya ce tun da ya fara aikin nan ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙara ba, yana so wani ya zama shaida. Ustaz ya ce shi ba zai rubuta ƙarya ba, gida a kan tudu yake, a kan tudu zai zauna a takarda. Alhaji ya miƙe zai fita. Na ga takardar zamana tana bin bayansa.

Mudir ya ce, "Tambaye shi, matakalar nan da ta sauka cikin kogi, ta wa ce?"

Alhaji ya ce tasa ce. Katangar da ta tare gaɓa fa? Tasa ce. Rumfar da ke ƙasa, inda ake zama da yamma? Ita ma. Mudir ya ce waɗannan duk ruwa na dukansu dare da rana, ajin tsada suke, kuma ba a sa su a lissafin farko ba don masu gida ba sa yarda a sa. Alhaji ya dawo ya zauna. Ya tambaya ko akwai wani abin da ya fi waɗannan kusa da ruwa. Ustaz, cikin wasa, ya ce sai dai kwalekwale.

"Rubuta kwalekwale. Jibi zan saya."

Da aka haɗa farashin, ni da na faɗe shi sai da na sake duba takardar don tsadarsa. Alhaji ya ce, "Ɗana, kai da kake ganin takardu, ya fi na Alhaji Bawa?"

Na ce wannan sirrin kamfani ne, ba zan faɗa ba. Na kuma fassara wa Mudir tambayar da amsar da na bayar. Mudir murmushi kawai ya yi ya miƙa alƙalami. Alhaji ya karanta murmushin yadda yake so, ya sa hannu, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Gaya masa na janye maganar sallama."

Wannan ita ce jimla mafi daɗi da na taɓa juyawa zuwa Larabci. Bayan ya fita, Mudir ya ce mutumin da zai isar da saƙon korarsa bai rage harafi ba, ana iya tura shi ko'ina. A makon nan aka ba ni shaidar, aka mayar da ni mai taimaka wa Ustaz.

Kwalekwalen an saya, an yi masa fenti kore, an ɗaure shi a gindin matakala. Kowace shekara ni nake zuwa duba shi, ina ƙwanƙwasa katako ina fargabar ya ruɓe. Alhaji yakan tsaya can sama yana kallona. Bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya, ya ce shi bai iya iyo ba, kuma bai yarda da abin da ke motsi a ƙarƙashin ƙafa ba.

Ni a da na ɗauka tsoro ne kaɗai ke kawo mutum ofishinmu, don ni da tsoro nake auna komai. Ashe wani kuwa, abin da zai faɗa a majalisa ya zo saye. Saboda haka ku yara, kafin ku ruga ku yi wa mai gida albishir ɗin araha, ku fara tambaya daga wane gari ya fito, kuma da wa yake zama bayan Juma'a.