Tsagar da Ba Shi Ya Yi Ba

A layin makanikai babu mai tuna sunansa na yanka. Lallaɓa ake ce masa tun yana da baƙin gashi, domin bai taɓa yarda a doki ƙarfe don haushi ba. Ya haura shekara talatin a ƙarƙashin motoci, amma ko rumfar kwano ɗaya bai mallaka ba. Abin da ya mallaka jaka ce ta buhu, a cikinta akwai liba biyu, wato ƙarafan ɓamɓaro abu, da ya lanƙwasa bakinsu da hannunsa, da ƙaramar guduma, da tsumma. Aikinsa ɗaya ne: idan abu ya maƙale, an yi an yi ya ƙi fita, sai a aika a kira shi.

Yawanci kan shaf ne, wato bakin sandar ƙarfen da ke shiga cikin giyabos tana juya taya. Akwai wani ɗan zobe a ƙarshensa da ke riƙe shi a ciki. In zoben nan ya karkace, ko tsatsa ta ci wurin, to ƙato uku ma sai su gaji su bar shi. Lallaɓa kuwa kwanciya yake ya juya shaf ɗin kaɗan kaɗan yana saurare, har zoben ya zauna daidai, sannan ya sa liba ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya danna su tare sau ɗaya. Sai ka ji ƙwas.

Masu gareji ba sa kiransa a gaban mai mota. Sai sun sallami mutum ya tafi, sannan Lallaɓa ya shigo ta baya, ta wajen tarin tsofaffin tayoyi. In mai mota ya dawo ya ce, "Kai, ka iya aiki," mai gareji ya shafa gemu ya ce ai ƙaramin abu ne. Lallaɓa ya san haka, yakan ma yi dariya ya ce shi kamar mai wankin miki yake, kowa na bukatarsa amma ba mai son a gan shi da shi.

Garejin da ya fi kowanne girma a layin na Auta ne, ƙanin matarsa. A ɗakin Lallaɓa Auta ya tashi bayan rasuwar iyayensu, a hannunsa ya koyi bambanta sufana da filaya. Yanzu yana da allo mai sunansa da kujerun roba na baƙi, yana kuma da gaggawa, wadda Lallaɓa ya yi shekaru yana ƙoƙarin cire masa bai iya ba.

Wata ranar Talata da hantsi Auta ya zo da kansa, gumi har wuya.

"Yaya, taimaka. Motar wata malamar jinya ce, tun jiya muke fama."

"Kan shaf ne, ka ja shi ta sanda, ko?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Sau nawa zan gaya maka? In ka ja sanda, ita za ta biyo ka, kan ya zauna a ciki yana maka dariya."

Haka kuwa aka yi. Da Lallaɓa ya shiga ƙarƙashin motar, ya tarar da kan shaf ɗin shi kaɗai a jikin giyabos, duk gefensa ya sha duka ya yi fari. Ya goge maiƙon wurin da tsumma, sai yatsansa ya tsaya. A jikin giyabos ɗin, kusa da bakin ramin, akwai sawun cizal, ƙarfen saran nan, har uku, kuma daga na ukun wata tsaga siririya kamar gashi ta tafi sama.

"Auta, zo ka gani. Wa ya kafa cizal a jikin alminiyam?"

"Ɗan taɓawa na yi kawai."

"Ka tsaga shi. Yanzu maiƙo ne ya toshe. Da an zuba mai, mota ta yi zafi, zai zubo. Ka gaya wa matar nan gaskiya."

"Zan gaya mata, Yaya. Kai dai fitar min da wannan."

Bai kai rabin sa'a ba. Zoben ya yi gardama, ya juya ya sake juyawa, kafaɗarsa ta dama tana masa zogi kamar kullum, har dai aka ji ƙwas, kan ya faɗo a tafinsa. Ya tattara kayansa ya fita ta baya.

Bayan kwana uku aka aiko ya zo. Wannan karon ta ƙofar gaba aka shigar da shi. Motar na tsaye, mai ya yi tafki a ƙarƙashinta. Malamar jinya na gefe cikin fararen kayan aiki, idonta ya yi ja. Ta ce a tsakiyar titi motar ta tsaya mata, ga mahaifiyarta a baya za ta kai ta a duba ta. Makanikan layin sun taru, har da mai walda da mai faci.

"Ga shi nan, Malama," in ji Auta, bai dubi Lallaɓa ba. "Ni tausayi ne ya ja min. Tsoho ne, mijin yayata, na ce bari ya ɗan taɓa ya samu na cefane. Ashe hannun ya fara rawa."

Malamar ta juyo. "Baba, in ba ka iya ba me ya sa ka taɓa? Ka san abin da ka ja min?"

Lallaɓa ya buɗe baki. Babu cizal a jakarsa, duk layin nan sun sani. Ya dubi mai walda, wanda ya ga tsagar da idonsa ranar Talata, mai walda ya shiga gyara igiyar takalminsa. Ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bai taɓa shigar da shi ta baya ba, kuma duk wanda ya ce ya san aikin Lallaɓa, ya tona wa kansa asiri ke nan.

"Ba ni na yi ba," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, shi kansa bai gane ta ba.

"To wa ya yi?" in ji ta.

Auta na tsaye yana goge hannun da ba maiƙo a jiki. Lallaɓa ya tuna shi yana ɗan shekara tara, zazzaɓi ya kwantar da shi a kan tabarmarsu. Sai ya saɓa jakarsa ya tafi, yana jin wani a baya yana cewa tsufa ba daɗi.

Sai da yamma ya koma gida, ya tarar da matarsa tana ninke wanki a bakin gado. Labari ya riga shi isowa.

"Baban yara, ka yi haƙuri. Auta ya zo nan ɗazu, har kuka ya yi."

"Ya gaya miki shi ya fasa?"

"Ya gaya min." Ta ci gaba da ninke rigar da ta riga ta ninke. "Amma shi yana da allo, yana da ma'aikata, yana da ƙananan yara. In sunansa ya ɓaci, ina zai sa kansa? Kai kuwa ba ka da gareji, ba abin da za a rufe maka."

Wannan maganar ta fi ta Auta yi masa ciwo, don ya san ba da mugunta ta faɗe ta ba. Iyakar yadda take ganin abin ke nan. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hannayensa, ya miƙe su a gabansa. Ko kaɗan ba sa rawa.

Daga ranar kira ya ɗauke. Waɗanda suka san gaskiya ma suka daina aikowa, kada mai mota ya hango shi ya ce ga wanda ya fasa giyabos. Aka koma duka da cizal da wuta, giyabos nawa suka tsage a layin cikin watannin nan, ba wanda ya ce uffan.

Da zaman ya ishe shi, ya nemi aiki a filin da ake yanka matattun motoci a bayan gari. Mai filin ya miƙa masa babbar guduma da tabarau na kare ido, ya ce a nan ba a son komai ya fito lafiya, a farfasa kawai a raba alminiyam da baƙin ƙarfe. Shekararsa huɗu a can, har kafaɗar ta ƙi ɗaguwa gaba ɗaya aka sallame shi.

Auta yakan zo gaishe da yayarsa duk ƙarshen wata, cikin mota mai sanyi. In ya shigo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina wuni," Lallaɓa yakan amsa, "Lafiya," sannan ya ja kujerarsa ya koma bayan ɗaki har sai ya ji tashin motar.