Ranar da Muka Cinye Rufin Makaranta

Bana shekara tara ke nan da Allah ya yi wa wana, Malam Ilu, rasuwa. Niyyata in yi abin da na saba duk shekara, in je ƙauyenmu Tudun Gawo a ƙasar Baure in yi masa addu'a, in gaida iyalinsa, in dawo Daura bakina alaikum. Sai ga wani kati ya iso ni ranar Talata, mai ƙyalli, da hoton marigayin a tsakiya. Wai ƙungiyar 'ya'yan garinmu mazauna birane ce ke gayyata ta zuwa taron gidauniya, karo na biyu, domin faɗaɗa makarantar da ya kafa. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: uban taro, babban baƙo, babban baƙo na musamman, mai ƙaddamarwa da mataimakansa reras. Na juya bayan katin ko zan ga sunan magini ko kafinta, ban gani ba. Shi ya sa yau na ɗauki biro.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Ilu malamin firamare ne da ya yi ritaya ya koma gona. A shekarun da aka fara maganar shari'a, kowa ya kama gyara ta inda ya fi masa sauƙi. Wani ya saki gemu, wani ya ɗage wando. Yaya ya ce shi abin da ke hana shi sakat shi ne yaran garin da ke girma ba su iya karanta takardar magani ba. Ya yi ta sintiri a ofishin ilimi har aka yarda aka ba shi malamai biyu, bisa sharaɗin gari ne zai yi gini, gari ne zai kula da abinsa. Da aji ɗaya aka fara, a gindin gawon da garin ya samo suna.

Yadda yake tara abin gini shi ne abin da nake so masu kati su karanta da kyau. Da kaka ta yi sai ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya bi gari gida-gida. Dami ɗaya yake karɓa, gero ko dawa, ba ya neman biyu ko a wurin mai hali. Tsohuwar da ba ta da gona ta ba da tiyar wake, Fulanin rugage su ba da ɗan akuya. Ya gina rumbu a bayan makaranta, ya sa masa 'yar ƙofar ƙarfe da kwaɗo, makullin kuwa yana rataye a wuyansa da igiyar rama. Da rani a yi gayyar tubali a ta da bango. Hatsin ba ya taɓa shi sai bazara, lokacin da ya yi tsada. A nan ne mata za su sussuke, a kai kasuwar Baure, kuma amalanken ba ya dawowa sai da kwanon rufi da katako da ƙusa.

Ni a lokacin akawu ne a sakatariya, mai guga a wando da biro uku a aljihu, abin nan kunya yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ai bara ce. A rubuta wa manya takarda mana."

Ya ce, "Rubuta, Sani, kai ka iya Turanci. Ni dai ba na sa mutane su ta da bango sai na leƙa rumbu na ga akwai abin rufe shi."

Da wannan barar tasa ya gina aji shida. Makaranta ta cika har yara na zama a bakin ƙofa, na rugage da na ƙauyukan kewaye duk suka dawo nan. Masu duba makarantu suka zo suka ce idan aka ƙara ɗaki biyu za a ba da izinin buɗe ƙaramar sakandare, yaran da suka gama aji shida su zarce a gida. Yaya ya tara damman kaka biyu bai taɓa ba. Aka yi gayya, bangon ɗaki biyu ya kai inda za a aza katako. Sai ciwo ya kama shi, ko sati biyu bai yi ba. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ya cire igiyar daga wuyansa ya danƙa mini, ya ce, "Kafin ruwan farko, Sani. Tanko kafinta ya san ma'aunin." Wasiyyar ke nan duka.

Ranar addu'ar arba'in motoci suka cika garin. A cikinsu akwai Alhaji Lado, ɗan kwangila, shugaban ƙungiyar 'ya'yan gari, mutumin da tun da aka kafa makarantar ko alli bai taɓa aiko mata ba. Ya ja ni gefe, turarensa kamar zai kayar da ni, ya ce, "Malam Sani, kai ɗan boko ne, za ka gane. Marigayi ya yi iya ƙoƙarinsa irin na mutanen da. Amma ginin ƙasa a wannan zamani? Haba! Bene za mu yi, na siminti, da sunansa a sama. Ka ba mu abin da ke rumbun mu shirya taro. A wuni ɗaya za mu tara abin da bai tara ba a shekara goma." Ya ƙara da cewa sun riga sun zaɓe ni sakataren kwamiti.

Ba zan ce an yaudare ni ba, don ƙarya ce. Na san bangon ƙasa ne, na san bazara ta kama, wasiyyar kuma ko tsufa ba ta yi a kunnena ba. Sunana nake so in gani a jikin kati, kusa da na masu motoci. Na miƙa masa makullin da hannuna na dama.

Matar marigayin, Yaya Hinde, tana cikin takaba, ba ta fita. Ta aika aka kira ni, ta yi magana daga bayan labule.

"Sani, an ce ka buɗe rumbu. Kwanon ya iso ne?"

Na ce, "Yaya Hinde, harkar ta fi haka girma, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To. Allah ya sa kai ka gane."

Kai, an yi taro! Rumfuna daga Katsina aka ɗauko su, kujeru har da masu hannu, bijimai biyu suka sha wuƙa, shinkafa kamar a zubar. Kwamiti ya kiyaye shari'a sosai, bai gayyato makaɗi ko maroƙi ba. Sai dai an ɗauko wani mai lasifika wanda ya wuni yana jero asalin kowane Alhaji tun daga kakansa na bakwai, aikin da ko maroƙin ba zai yi da wannan ƙwazo ba. Mutanen da suka ba da damman suna tsaye a rana a bayan igiya, suna kallon geronsu ana cinye shi a faranti. Wannan ya tashi ya yi alƙawarin tirelar siminti, aka tafa. Wancan ya ce bulo duka a wuyansa, aka yi kabbara. Wani bawan Allah har kwamfutoci ya ce zai kawo, a garin da ko turken wuta babu. Aka jera bulo biyar, babban baƙo ya shafa musu siminti yana tattare hannun riga, aka kafa farin dutse mai ɗauke da sunaye, nawa na can ƙasa. Duk tsawon wunin manoma gabas suke kallo, don hadari ya fara haɗowa. Baƙi kuwa agogo suke kallo.

Kwana goma sha biyu bayan taron ruwan farko ya sauka. Ina zaune a ɗakina a Daura da rana tsaka, ina jin sa a kan rufina. Na yi ta buga waya. Mai siminti ya yi tafiya, mai bulo wai ana tuntuɓarsa, Alhaji Lado kuwa ya ce in yi haƙuri, irin waɗannan manya ba a matsa musu. Kafin marka ta wuce, bangon da gari guda ya ta da da guminsa ya narke ya zama tudun laka. Izinin sakandare ya bi ruwa. Yaran da suka gama aji shida a shekarar, da na shekarun bayanta, kaɗan ne iyayensu suka iya kai su Baure. Sauran mazan suna kan babura suna jigilar jarkokin fetur zuwa bakin iyaka, matan suna talla. Idan na haɗu da su sai su rusuna su ce, "Baba Sani, barka da zuwa." Wallahi da zagina suke yi da ya fi mini sauƙi.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai ɗago kai ya ga wannan zamani. Ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ina jin zai ɗauki katin nan ne ya juya shi gaba da baya, ya tambayi ƙusa nawa kuɗin buga shi zai saya. Abin da na tabbata zai ƙona masa rai ya fi bangon, shi ne shekara biyar da aka yi babu wanda ya kawo ko zangarniya ɗaya. Kuma ban ga laifin kowa ba. Wa zai yi noma ya sha rana, ya ɗauki daminsa ya kai wa masu tumbi su yi walima? Rumbun ya koma ɗakin jemagu, farin dutsen kuma awaki suka same shi wurin soshe-soshe.

Yaya Hinde ce ta sake tayar da abin, shekara huɗu da suka wuce. Ta tambaye ni makulli, na tambayi Alhaji Lado, ya ce wane makulli? Ta sa maƙeri ya fasa kwaɗon ya sa sabo, ta ɗauki daminta a ka ta kai ta ajiye. Mata suka fara bin ta, mazan sai daga baya, da kunya ta ishe su. Tsohuwa ce yanzu, gwiwa ta hana ta bin amalanke, sai ta zauna a bakin rumbu kowa ya kawo nasa. Da ranin nan aka sake gayya, bangon ɗaki biyu ya sake tashi a inda na farko ya faɗi. Rumbu ya cika, bango ya tashi, sai ga kati. Shekara tara ba su tuna da Malam Ilu ba sai yanzu da suka jiwo ƙanshi. Tir!

Washegarin zuwan katin Alhaji Lado ya kira ni. Muryar nan tana nan yadda take, kamar an shafa mata mai. "Malam Sani, ka ɗan yi wa Hajiya Hinde magana kan rumbun nan, kai ne na gida. Wancan karon an samu 'yan kurakurai, amma bana mun shirya." 'Yan kurakurai! Na kashe wayar. Ranar Juma'a da safe na hau mota zuwa Tudun Gawo don in gargaɗe ta.

Ina isa na zagaya bayan makaranta, na tarar da ƙofar rumbu a buɗe, ciki wayam. Na ce shi ke nan sun riga ni. Sai na ji ƙarar guduma. Na ɗaga kai, ga Tanko kafinta a kan bango, kansa fari fat, yana buga ƙusa. Yaya Hinde na zaune a inuwa a kan tabarma, igiyar makulli a wuyanta.

Bayan mun gaisa ta ce, "Katin ya riga ka zuwa da sati biyu. Ranar da na gan shi na tara mata muka sussuke."

Na ce, "Amma Yaya Hinde, hatsi bai yi tsada ba tukuna."

"Na sani. Da na jira bazara da kwano mai kauri muka saya, har a yi ragi. Yanzu mai shara-shara ne, kuma saura bandir ɗaya bai kai ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ina daminka? Yana raye ba ka taɓa kawowa ba, ya mutu ba ka kawo ba."

Gaskiya ta faɗa. Na juya na nufi Baure, na sayo bandir ɗin, na zauna a kansa a bayan amalanke har bakin bangon. Ban ba kowa riƙo ba.

To, masu kati, ga amsar gayyatarku a bainar jama'a. Ba zan zo ba. In kun ga dama ku zo, filin yana nan, dutsenku yana nan, ku kori awakin ku zauna. Sai dai kowa ya taho da abincinsa daga gida.

Yaya bai bar bene ba, sunansa ma a jikin dutsen an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, ƙasa da na babban baƙo. Abin da ya bari shi ne ɗakuna shida na ƙasa da ba su taɓa yoyo ba, da mutanen gari da suka san yadda ake ƙara na bakwai da na takwas ba tare da lasifika ba. Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya sa kowane dami da ya ɗauka a kafaɗarsa ya tarar da shi a mizani, ni kuma ya yafe mini amanar da na ci.

A ranar Juma'ar nan, da Tanko ya sauko sallar la'asar, na ga ƙofar rumbun har yanzu a buɗe, Yaya Hinde kuma tana ta fama da gwiwarta za ta miƙe. Na miƙa hannu na ce ta kawo in rufe mata.

Ta ce, "Bari, Sani. Zan rufe da kaina."

Ko tsaba ɗaya babu a cikin rumbun, amma ba ta ba ni makullin ba. Na tsaya ina kallo ta dogara sanda ta je ta rufe, ta mayar da igiyar wuyanta.