Hular Kwano a Gwiwar Hannun Anestis

Anestis mai aski ne, shekara arba'in yana aske kawunan ƙauyenmu. Rabin kawunan yanzu suna maƙabarta, rabin suna Jamus. Gajere ne ƙwarai, sai ya taka akwatin lemo yake ganin tsakiyar kan mutum. Ni Froso, ana ce min Kira Froso, wato Uwargida Froso a harshenmu, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka babu tarin da ya yi ban ji ba.

Har ya kai sittin da huɗu ko keke bai taɓa hawa ba. Sai mantuwa ta kama matarsa Evanthia, ta fara zuba gishiri a gahawa, ta bar murhu a kunne ta tafi coci. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a garin Kalamata, bayan dutse, kilomita talatin duk kwana-kwana. Likitar wurin ta ce masa kada mako ya wuce bai zo ba. Muddin tana ganinsa za ta riƙe sunansa, in ya daɗe sunan zai bi sauran. Ya riƙa bin bas duk Lahadi, har aka soke bas ɗin, don mu goma sha tara muka rage a ƙauyen.

Ya je ya yi lasisi a kan ɗan babur ɗin makarantar tuƙi. Da ya dawo ya buɗe rumfar bayan gida ya turo babur ɗin da ɗansa Stratos ya bari da zai tafi Jamus, wani baƙin ƙato, nauyinsa ya yi Anestis huɗu. Na leƙa ta katanga na gan shi a kai, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar tana lilo tana neman duniya.

"Maƙwabci, ka ɗauko akwatin lemon naka ka ɗaura a gefe mana."

"Kira Froso, bar ni in koya."

"Ba a koyo a kan wannan. Wanda zai fara, ya hau abin da tafin ƙafarsa biyu za su taka ƙasa, wanda in ya faɗi zai iya ɗagawa shi kaɗai. Ga agwagwata, hau ta wata shida, sannan ka yi maganar wannan bijimin."

Agwagwa muke ce wa ƙaramin babur ɗin da tsofaffi ke ɗaukar kayan miya da shi. Shekara talatin da biyar ina kan tawa. Da ita nake zagaya ƙananan ɗakunan fitila da muke kafawa a bakin hanya inda wani ya mutu ko ya tsira, ina zuba musu mai. Na mijina yana kwanar ɓaure. Shi ma ƙaton babur ya hau, shi ma na yi masa magana.

Da Anestis zai ji, amma akwai gidan gahawa. Tsofaffi uku ne suka rage a can, haƙoransu duka ba su cika baki ɗaya ba, amma ɗaya daga cikinsu, Lambros, ya ce masa, "Agwagwar Froso za ka hau? Ka ari ɗankwalinta ma." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Ranar Lahadi ya fito da farar riga, gashi ya sha mai, an tsaga shi a gefen hagu kamar da zare aka auna. Hular kwano kuwa ya zura ta a gwiwar hannu, yadda mazanmu ke yi, don ɗan sanda ya ga akwai ta, maza kuma su ga ba tsoro.

"Ashe a gwiwar hannu ƙwaƙwalwarka take. Na daɗe ina zargin haka."

Bai yi dariya ba. Ya shafa tsagar gashin ya ce, "Da wannan Evanthia take gane ni. In hular ta danne shi fa?"



Lahadi uku ya je ya dawo lafiya, ya fara ɗaga min gira. Ta huɗu ta faɗo a lokacin tsinkar zaitun, lokacin da 'ya'yan ke zubowa daga motoci, tayoyi su murƙushe su, kwalta ta yi santsi kamar kaskon suya. Ba gudu yake ba, tafiyar kunkuru ma yake yi. A wata kwana ya damƙi birkin gaba, babur ya karkata, ya kai ƙafa ƙasa, ƙasar ba ta nan. Bijimin ya kwanta masa a ƙafa, kansa ya sami dutse.

Awa uku yana kwance babu wanda ya wuce. Ni na same shi ina zagayen fitilu, da kwalin alawar da zai kai wa Evanthia a gefensa, tururuwa sun riga ta. Hular kwano ko ƙwarzane babu.

"Kira Froso, ƙarfe nawa? Sha biyu ake rufe ziyara."

"Yi shiru, an daɗe da rufewa."

Ƙafa ta karye wuri biyu. A asibiti suka aske masa rabin kai suka ɗinke, aski irin wanda da shi ya yi wa wani, da an kore shi daga ƙauyen. Da aka sallame shi ni nake miƙa masa miyar wake ta katanga. Stratos ya bugo waya sau biyu, tambayarsa ta farko yaya babur. Wata biyu da rabi Anestis bai taka ba.

Ranar da ya iya, ni na goya shi a agwagwa, da hula a kansa, na ɗaure masa igiyar da kaina har ya yi tari. Evanthia tana zaune bakin taga. Ta dube shi tsaf, ta dubi tabon, ta ce, "Sannu, malam. Mijina nake jira, mai aski ne. Ka gan shi a hanya?"

Ya ce, "Na gan shi. Yana tafe."

Yanzu yana da agwagwarsa, ƙafa biyu a ƙasa, hula a kai. Bijimin yana rumfa, kaji na kwana a kansa. Ya kafa ɗakin fitila a kwanar da ya faɗi, irin na wanda ya tsira, kuma ni ke zuba masa mai, don shi ba ya tsayawa a wurin. Duk Lahadi yana zuwa Kalamata, in ya cire hula a ƙofa sai ya fito da mataji ya gyara tsagar, sannan ya shiga ya zauna kusa da ita su jira mai askin tare, har sha biyu.