Ratar Baho da Bango

Daga ƙofar banɗaki matar gidan take kallon mai gyaran famfon da aka turo ya girka mata bahon wanka. Dogo ne siriri, da furfura jefi-jefi, ya naɗe wando har gwiwa kamar mai shirin shiga rafi. Bangon a karkace yake, ya bar ratar da yatsa zai shige tsakaninsa da bahon.

Ya cika bahon da ruwa tukuna, wai sai ya yi nauyi ya zauna ake liƙe ratar. Yanzu yana matsa farin danƙo, yana bin sa da jiƙaƙƙen yatsa, ido a lumshe, yana ɗan rangaji kamar ƙasa na motsi. Hasken ruwan na wasa a fuskarsa. Ita kuwa sai take hango kogi da asuba, da wani yana toshe kwalekwalensa.

"Malam, ka taɓa zaman bakin ruwa?"

Bai ɗago ba. "Fito nake yi da kwalekwale, Hajiya, kafin koginmu ya ƙafe." Ya sake tsoma yatsa. "Da can hana ruwa shiga nake. Yanzu lallaɓa shi nake kada ya gudu."