Kofur Ya Ƙi Cin Banza

Har yau ban manta da ranar da Manaja ya kira ni ofis ya ce in Kofur ya mutu, in haɗa kayana in koma Gwaram ba. Kofur gwaggon biri ne.

Gidan namun dajinmu a kan tsibiri yake, tsakiyar dam ɗin birni, sai an shiga kwale-kwale ake isa. Wani Bature ne ya kafa shi bayan samun 'yancin kai, da kada ɗaya, da jiminu biyu, da wani kunkuru da ya girmi kowa a wurin. Da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta sayo zakuna da raƙumin dawa, ta kuma ɗebi ma'aikata har muka fi dabbobin yawa. Ni ƙaramin mai kula da dabbobi ne, watau mai kwashe kashi da raba abinci, kuma ina cikin wa'adin gwaji, ba a tabbatar da ni ba.

Da aka ce ana son biri, Manaja ya tuna ni ɗan ƙasar Gwaram ne, ya tura ni. A ƙauyen Kwandiko na sayo Kofur wajen Baba Jatau, wani tsohon mai wasa da biri da ƙafa ta gaza masa. Tun daga Birnin Kudu birin ya juya mini baya a mota.

Muka sa shi a keji mai siminti, muka jibge masa ayaba da gyaɗa da gwanda, abin da ni kaina ba na samu. Ko kallo bai yi ba. Likita ya duba haƙori, ya duba ciki, ya ce ƙalau yake. Kofur dai sai ramewa. Ni ma na rame, don na riga na faɗa wa dangi na zama ma'aikacin gwamnati.

Na koma Kwandiko a fusace na ce, "Baba, biri mai ciwo ka sayar mana."

Ya ce, "Wane aiki kuka ba shi?"

Na ce, "Aiki kuma? Gwamnati ce ke ciyar da shi."

Ya ce, "To ai shi ke nan. Tun yana jariri bai taɓa sa loma ba sai ya yi wasa. In ya ga abinci ba kiɗa, ɗauka yake tarko ne." Ya miƙo mini tsohuwar gangarsa, ya koya mini kiran da ake yi wa Kofur ya yi wasa.

Matsalar ita ce dokarmu ta hana sa dabba wasa. Na kai wa Manaja magana, ya daɗe yana kallon gangar, sannan ya ce, "Ni ban ji komai ba. Amma ka gama kafin kwale-kwalen baƙi ya iso."

Washegari na tsaya gaban keji da kakina, kunya kamar ta kashe ni, ma'aikata sun zagaye ni suna dariya. Na buga ganga na ce, "Kofur, yaya soja yake yi?" Ya miƙe da ƙyar ya ƙame. "Yaya tsohuwa take zuwa kasuwa?" Ya dafe ƙugu ya ɗingisa. "Yaya babban mutum yake zama?" Ya baje, ya turo ciki, ya hau hamma. Nan masinja ya ce wallahi Manaja ne sak, Manaja kuwa yana tsaye a bayan masinjan.

Kofur ya miƙo hannu, na ɗora masa ayaba. Ya ɓare ya cinye. Sai da na yi ƙwalla.

Aka tabbatar da ni, na ci gaba da yi masa kiɗa kowace safiya har ya tsufa ya mutu. Ku sababbin shiga wannan aiki, kafin ku tura wa dabba abinci, ku tambayi yadda ta saba ci a inda ta fito. Ku kuma sani, duk zamana a tsibirin nan, daga Manaja har ni, Kofur kaɗai na gani an ba shi abincin gwamnati ya ce sai ya yi aiki tukuna.